Ranar da Aka Yi Ruwan Fura

Mutanen gidana a Kurfi sun ce ba mai iya shigar da abinci filin wasan yara na birni, sai dai a sayi na masu wurin mai tsada. Ni kuwa, tsohon hedimasta, na jera curin fura cikin doguwar hulata, na wuce masu gadi cikin ƙasaita.

Jikata ta ce, "Tsoho, ko tsoron lilo kake?" Na hau. Da ya cilla mu sama, hula ta tashi, fura ta zubo wa jama'a.

Matata Hajiya ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Alhaji, abincinmu ka ɗora a ka?"

Har yau jikoki kan leƙa hulata, wai ko akwai nono. A rubuta, ranar uku ga ƙaramar Sallah abin ya faru.