Ranar Da Na Kwashe Sharar Da Aka Zo Aunawa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ma'aikatarmu ta tashi daga gidan haya ta koma sabon gininta ba, don a shekarar ce tsafta ta kusa raba ni da kujerata.

Ni aka ba kula da ginin, na gwaji, wai a ga kamun ludayina. Oganmu kuwa ya ƙwallafa rai sai ginin ya samu takardar shaidar kiyaye muhalli kafin bikin buɗewa, har ya yi wa manya alkawari. An duba wuta, an duba ruwa, saura binciken shara. Aka ce wata injiniya za ta zo ranar Alhamis. (An turo mini bayanin yadda ake yi. Na leƙa kanun kawai, na ce shara ce fa, me za a koya mini?)

Ni dai a gidan da na tashi, ba a barin baƙo ya ga datti. In kawu zai zo daga Katsina, har bayan randa sai an share. To balle baƙuwar da za ta ba mu maki. Ranar Laraba na tara masu shara muka kwashe duk abin da ya taru a makon. Na samu wani mai tifa da ya sauke mana bulo zai koma Dei-Dei fanko, na ce ya raba ni da sharar. Muka wanke kwandunan tas. Har turaren wuta na sa aka zaga da shi, Allah ya yafe mini. Na hau motar Kubwa ina yaba wa kaina.

Washegari na sha shadda. Injiniyar ta iso, wata dattijuwa 'yar Zariya, da ma'aikatanta ɗauke da sikeli da tampol da safar hannu. Muna tafiya bayan gini tana yi wa Oga bayani: za su baza sharar makon a kan tampol, su ware roba daban, takarda daban, ragowar abinci daban, su auna kowanne, don a san me ginin ke zubarwa da abin da za a iya ragewa. Tana magana ina gano ɓarnar da na tafka. Amma ƙafafuna ba su tsaya ba, ni ne ma a gaba.

Ta ɗaga murfin kwando na farko, ta ɗaga na biyu. Sai ƙyalli da ƙamshi.

"Malam, ina sharar?"

"Ranki ya daɗe, mun kwashe. Saboda zuwanki."

Da ta yi dariya da na fi samun sauƙi. Sai ta cire safar hannunta a hankali, ta ce, "Ai ita na zo gani, ba ku ba."

Oga ya dube ni daga hula har takalmi. Na koma gefe na kira mai tifa. Ya ce ya juye a bola tun jiya, in ina da tambaya in zo in yi wa shanun da ke kiwo a wurin.

Dole aka sake tara wata sharar, injiniyar kuma ba ta da sarari sai bayan biki. Haka Oga ya yanke kintinkiri babu takarda, ni kuma aka ƙara mini wa'adin gwaji. Na ji ciwo ƙwarai, don da zuciya ɗaya na yi. Makon da za ta dawo, ni da shaddata muka koma gadin shara, duk wanda ya doshi kwando zai kwashe sai na tare shi.

Da aka baza ta, sai na ga abin da bai taɓa zuwa raina ba. Mafi nauyi a ciki ba roba ba ce, shinkafa ce da naman taro, wasu ma a ƙunshe, ko buɗe su ba a yi ba. Shekaru muna zubar da abinci haka, ba wanda ya sani, saboda kowa na sauri a kawar kafin a gani. Wannan kunyar ta fi ta farko zama a raina.

Ashe baƙi iri biyu ne: akwai wanda ake yi wa shara, akwai wanda ake ajiye wa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi ya sa yanzu in likita ya tambaye ni me nake ci, na daina fara masa da zogale.