Ranar Awon Tafki

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don gudun kada wani ya ce da shi nake. Ba da kowa nake ba.

A wani daji can nesa, tafki ɗaya dabbobi ke sha. A bakinsa akwai dutse mai farin zane. Dokar majalisa ita ce, duk shekarar da ruwa ya kasa kai zanen, kowa ya fito a yashe hanyar da ke kawo ruwa daga kogi. Shekara bakwai ba a yashe ta ba.

Dorina ce Sarkin Ruwa. Ranar awo takan shiga tafkin da kanta, ta kwanta a tsakiya. Ruwa ya taso ya taɓa zanen, Zalɓe magatakarda ya leƙa ya ce, "Ya kai!" Tana fita, sai taɓo.

Akwai wata tsohuwar Gada da 'yarta Kyallu ta kwashe jikoki ta koma kogi, tafiyar da ƙafar tsohuwa ba za ta iya ba. Da za ta tafi ta ce, "Inna, ran da ruwa ya dawo, muna tafe." Kullum Gada na tuna lokacin da bado ya rufe tafkin, jikokinta suna sha har su jiƙa kunnuwa.

Ranar awon bana Gada ta daure ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni ba mai magana ba ce a taro. Roƙona ɗaya: a duba zanen kafin ki shiga. Jikokina nake so in gani kafin in mutu."

Dorina ta yi murmushi. "Haba Inna! A auna ruwa babu Sarkin Ruwa a ciki? To wa zai shaida? Zalɓe, ka taɓa ganin bai kai ba?"

"Ko sau ɗaya, ranki ya daɗe."

Dorina ta shiga ta kwanta. A wannan karon ruwan ya tsaya ƙasa da zanen. Gada har ta fara jin takun Kyallu.

Majalisa ta keɓe ta yi shawara. Zalɓe ya dawo ya ce, "An gano aikin ya yi wa Sarkin Ruwa yawa. An naɗa Giwa mataimakiyarta."

Giwa ta shiga.

Washegari Gada ta je ta share makwancin jikokinta, ta zauna tana kallon hanya. Ai an ce bana ruwa har ya wuce zane.