Sarkin Haƙuri Ya Farka Na Minti Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau ba su daina warin fetur ba, Tela, babban ɗan gidan nan, yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar babur ɗin mahaifinsa, wanda duk unguwa ta sani da Sarkin Haƙuri. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakar gida, minti huɗu kacal bayan an tashe shi daga barcin shekara goma sha ɗaya. Ya rasu yana da shekara arba'in da uku.

Duk wanda ya san marigayin zai yi masa shaidar alheri. Shekara talatin da biyu yana ɗaukar Baba, mai gyaran injin ban ruwa, daga wannan gona zuwa waccan, akwatin sifanu ɗaure a bayansa, bai taɓa cewa ya gaji ba. Shi ya kai Inna asibiti ranar da za ta haifi Tela. Muryarsa kuwa ba ta ɓuya. Tun daga kwanar layi ake jin "dum-dum-dum-dum", sai yara su watse daga wasan banza, kowa ya nemi littafinsa. Da gwiwar Baba ta ƙi buga kik, shi da kansa ya tura shi sito, ya wuni yana ƙwaƙule-ƙwaƙulensa, ya lulluɓe shi da tamfol, ya kulle ƙofa, bai yi wa kowa bayani ba.

Bara ne ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce a riƙa nuna masa abubuwan da yake so, ko Allah zai sa harshe ya warware. Nan Tela ya ƙudurta a ransa cewa idan akwai abin da zai dawo masa da muryar mahaifinsa, to muryar Sarkin Haƙuri ce. Ya ɓoye wa kowa, har Inna, wai zai yi musu ba-zata.

Alamu kam an gani, sai dai ba a karanta ba. Ranar da aka buɗe sito, makullin ya karye a cikin kwaɗo. Da aka yaye tamfol, sai ga mushen ɓera a kan kujera, ya bushe ƙayau, ga gidan zanzaro ya toshe bakin salansa. Bakaniken bakin layi ya ce a bari ya leƙa cikin injin kafin a taɓa komai, Tela ya ce ai Baba bai taɓa yarda hannun bare ya hau babur ɗin nan ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Mako shida yana rufe shago da wuri. Ya sauya tayoyi da batir da fulogi, ya wanke tanki, ya ɗinka wa kujera sabuwar riga da babu irinta. Har yabon marigayin yake yi da ya ga ƙasan inda babur ɗin ya tsaya a bushe, yana cewa a duba tsabta, shekara goma sha ɗaya ko ɗigon baƙin mai bai zubar ba! A hannun dama na babur ɗin akwai wani jan ƙyalle da aka yi wa ƙulli biyu. To, a wurin tela ƙyalle ai ƙyalle ne. Ya kwance shi, ya goge madubi da shi, ya cusa a aljihu.

Ranar Talata aka fito da Baba a kujerarsa, aka ajiye shi a inuwa. Da idonsa ya sauka a kan babur ɗin fuskarsa ta yi haske. Sai ya dubi hannun dama, hasken nan ya ɓace. Tela ya buga kik, ƙarfen ya dawo ya fasa masa ƙauri. Ya sake bugawa, a na uku marigayin ya yi tari, ya kama: "dum-dum-dum-dum". Maƙwabta suka leƙo ana tafi. Baba ya shiga dukan hannun kujera da hannunsa mai lafiya, yana gurnani, hawaye na zuba. Tela ya ɗauka murna ce, wayyo, sai ya ƙara murɗa masa wuta don ya ji da kyau.

Inna ta fito daga kicin a guje, ta ce, "Kai! Ina jan ƙyallen da ke hannunsa?"

Ai kuwa lokaci ya riga ya ƙure. Muryar marigayin ta koma "ƙar-ƙar-ƙar", wani ƙauri ya cika gidan, aka ji "gau!" sau ɗaya, shi ke nan. Tun Baba yana yaron shago, ƙa'idar aikinsa ke nan, duk injin da ya tsiyaye wa baƙin mai sai ya ɗaura masa jan ƙyalle, ma'ana kada wanda ya kuskura ya tayar da shi. Tela ya taso yana ganin haka tun yana yaro, girma da keken ɗinki suka mantar da shi. Bakanike ya duba gawar, ya ce injin ya buga, ƙarfe ya narke cikin ƙarfe, babu sauran dabara.

Marigayin ya bar hular kwano ɗaya, akwatin sifanu, tayoyi biyu sababbi fil da ba su taɓa taka titi ba, da galan ɗin baƙin mai da aka gano daga baya a kan kantar sito, an ɗaura masa ɗaya rabin jan ƙyallen. Ya kuma bar Tela, wanda tun ranar ya kasa haɗa ido da mahaifinsa, da Baba, wanda ko gurnanin ma ya daina, abinci kuma sai an yi da gaske yake karɓar cokali biyu.

Za a fitar da marigayin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ba za a kai shi wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa ba, sito za a mayar da shi, a lulluɓe da tamfol ɗinsa, mutum huɗu za su ɗauka saboda tayar baya ta ƙi juyawa. Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida. Ana roƙon masu zuwa a kan babur su kashe shi tun daga kwanar layi, su turo da ƙafa. Ana kuma roƙon kowa, don Allah, kada ya tambayi abin da zai gani a hannun Baba. Jiya da safe ya miƙa wa Tela tafin hannu har sai da ya fito masa da ƙyallen nan daga aljihu, Baba ya ɗaura wa kansa shi a tsintsiyar hannu da haƙori, ƙulli biyu. Har yanzu babu wanda ya iya kwance shi a gidan.