Rasuwar Dekodar Gidan Malam Illiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da hali ya kawo, Malam Illiya Direba na unguwar Zongo, Wagadugu, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk 'yan Nijar mazauna birnin nan rasuwar dekodarsa, akwatin nan mai kamo wa tele tashoshi. Ta cika a ƙarshen watan jiya, a kan teburinta, lulluɓe da ƙyallen da maiɗakinsa Fatu ta saƙa mata.

Marigayiyar ta shigo gidan ne shekarar da ciwon gwiwa ya sauke Malam Illiya daga babbar mota, bayan ya tsufa a kan hanyar Wagadugu zuwa Yamai. Tun daga nan iyakar tafiyarsa masallaci. Maraɗi kuwa, inda aka binne cibiyarsa, ya daina sa ran ganinta. Dekodar ce ta riƙa kawo masa gida har tsakar gida. Ba ta da hayaniya: in an kunna ta sai ta ce "ƙit", ta yi jim, sannan ta buɗe baki da Hausar can. Aibinta ɗaya tsoron hadari, da gajimare ya haɗu sai ta ɗauke, kuma wannan an daɗe da yafe mata.

Babban aikinta na alheri shi ne kokowa. In lokacin gasar takobi ya zo, bayan la'asar ake fito da tele waje, a shimfiɗa tabarmi har bakin randa. Direbobi su zo daga unguwar Gounghin, 'yan kasuwar Sankaryaaré su rufe rumfa da wuri. Mutanen Tawa gefe, na Damagaram gefe. Boukari mai goro, wanda bai taɓa taka Nijar ba, shi Dosso ya ɗauka don kawai ya ɓata wa mai gida rai. Daga cikin marigayiyar ganga ke tashi, sai a ji "Ya kada shi! Ya kada shi!", tsakar gida ta kaure. Malam Illiya yana kan kujerarsa, telekomandin sauya tasha a aljihun gaba, yana raba shayi yana raba gardama. Ya ɗauka dominsa ake zuwa. Allah ya sani, har cikin ransa haka ya ɗauka.

Ciwon ajalinta abonoma ne, wato kuɗin kallon tashoshi. Ɗansa Zulkifli, wanda ke biya duk wata, nauyi ya yi masa yawa, ga makarantar yara ga buhun masara. Da farko ya mayar da ita ƙaramin abonoma, ta rame, tashoshi suka yi ta zubewa kamar haƙoran tsoho. Daga baya ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya yi bayani rabi da Hausa rabi da Faransanci, cewa antan, wato eriya, ba a biyan ta, kokowa kuma ana samun ta a waya. Babu mai ganin laifinsa. Tsoho ya amince. Da wata ya ƙare, koriyar fitilarta ta koma ja.

An jinkirta wannan sanarwa ne domin mai gida bai yarda ta mutu ba sai ranar wasan ƙarshe. Antan ɗin da aka ɗaure a kan gora Faransanci da Mosanci kawai ta iya, don haka aka jingina wayar Zulkifli da gwangwanin sukari. Dattawa masu furfura suka taru a kanta suna karo da kawuna. Daidai lokacin da 'yan kokowa suka sarƙe, hoto ya tsaya cik, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Sai ga ihu daga kiyos ɗin bakin titi, ɗan shagon nan da dekodarsa ke raye, ya tsallako katanga. Ɗaya bayan ɗaya suka laluba takalmansu. Boukari ne na ƙarshe, ya ce zai leƙa ya dawo da labari. Har yau ana jiran labarin.

Ta rasu ta bar farantinta na kamo tashoshi a kan rufi, wanda har yanzu yake kallon sama bai san abin da ya faru ba. Ta bar telekomandi, yana nan a aljihun da ya saba. Ta bar tabarmi a naɗe, da tire cike da kofunan shayi, da tsoho ɗaya da kaɗaici ya kama, yana jin kunyar faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zulkifli zai kwance farantin, Fatu ta riga ta roƙa don shanya kuɓewa. Gawar kuwa za a mayar da ita kwalinta, a tura ƙarƙashin gado.

Zaman makoki yana tsakar gida kullum bayan la'asar, kuma ba a sa masa ranar tashi ba. Ba a neman gudummawar kowa. Roƙo ɗaya mai gida yake yi: wanda ya zo kada ya yi gaisuwa daga ƙofa ya wuce, ya cire takalmi ya zauna, ko da babu abin kallo. Shayi yana kan wuta. Jiya ma an dafa, da magariba Fatu ta kwashe kofunan ba a taɓa ko ɗaya ba.