Umarnin da Rambutan Ya Ƙi Bi

Duk wanda ya zauna a Setapak bai san Janar Zahraddeen ba, to ya binciki kansa, wataƙila ba a Kuala Lumpur yake ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar shugabanci har ta yi masa yawa. In ya shiga jirgin ƙasa a tsaye yake tafiya, ko da kujeru sun yi fayau, domin a cewarsa soja ba ya zama a gaban farar hula. In ya je shan shayi a shagon mamak, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi, ba ya roƙo. "Shayi ɗaya, minti biyu!" Mai shago ya kawo bayan minti ashirin, Janar ya duba agogo ya ce an samu ci gaba.

Tarihin sojansa kuwa abin a rubuta ne da ruwan zinare. Ya yi zango biyu cur a kadet lokacin yana sakandare a Kano, har ranar da aka kwashe shi daga filin fareti. Mahassada sun ce suma ya yi. Shi ya ce dabarar kwanton ɓauna yake gwadawa. Yanzu shekararsa ta shida ke nan yana digiri na uku a kan shugabanci, babi na biyu ya ja daga ya ƙi miƙa wuya.

Ana haka sai makarantar da 'yarsa Afnan ke karatu a Taman Melati ta buɗe wa manyan ɗalibai sassan koyon sana'a guda biyu: renon yara, da horon shugabanci irin na kadet. Aka nemi wanda zai taimaka daga cikin iyaye. Kafin a gama karanta sanarwar Janar ya miƙe. Washegari ya tafi kasuwa a Cheras ya sayo kaki da takalmi sau-ciki da usur da lambobin yabo uku. Rubutun da ke jikin ɗaya daga ciki da harshen Malay yake, kuma na gasar kamun kifi ne, amma wanda duk ya iya karantawa ya ja bakinsa ya yi shiru, saboda girmama jarumi.

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai. Afnan, 'yar shekara goma sha shida, ta rubuta sunanta a ajin Malama Hureira mai koyar da reno.

"Ke 'yar Janar guda," in ji shi a falo, "ki ƙare a wanke kashin jarirai?"

"Baba, mu ana ba mu takardar shaida fa. Ku me ake bayarwa?"

"Ɗa'a ake bayarwa! Da jarumtaka!"

Matarsa Bashira ta leƙo daga kicin. "To Janar, jarumtakar ta zo ta karɓi Abdulwahidu in sauke miya."

Janar ya tuna yana da karatu. Shekarar yaron biyu a duniya, uban bai taɓa riƙe shi ya wuce tsawon ɗaukar hoto ba.

A ƙarshen zango shugabar makarantar, wata dattijuwa 'yar Malay mai yawan murmushi, ta sanar cewa ɗaki ɗaya ne ya rage a ginin, don haka sashe ɗaya ne zai ci gaba da zama a ciki. Ranar taron iyaye kowa zai nuna abin da ya koyar, sannan a yanke hukunci. Janar ya ji tausayin Malama Hureira ƙwarai. Har ya tsayar da ita a matakala ya shaida mata cewa in an rufe ajinta, zai iya ɗaukar ɗalibanta su riƙa raba wa dakarunsa ruwa. Ta ce ta gode.

Ranar taro ruwan la'asar ya sauko kamar yadda ya saba, aka mayar da faretin cikin zaure. Dakarun Janar su goma sha ɗaya ne. Da yake shugaba ne na duniya, da harshe uku yake ba da umarni, Hausa da Turanci da ɗan abin da ya tsinta na Malay. Ya daka tsawa, biyar suka juya hagu, huɗu suka juya dama, biyu suka ƙame wa juna. Iyaye suka tafa, don 'ya'yansu ne.

Sannan ya hau mumbari.

"Jama'a," in ji shi, "al'umma kashi biyu ce: masu ba da umarni da masu goge majina. Ni na zaɓi na farko. Shugaba ba ya ruɗewa. Shugaba in gini na cin wuta, gyara hularsa yake fara yi. Ni da kuke gani, ban taɓa sanin abin da ake kira tsoro ba, sai dai in karanta shi a littafi."

Ya yi minti arba'in a kan wannan. Da ya sauko, Bashira ta miƙa masa Abdulwahidu a gaban mutane, inda ba halin ƙi, ta tafi salla. Janar ya ɗora yaron a kujera kusa da teburin abinci, ya ce masa, "Zauna nan, kada ka motsa." Ya juya ya ci gaba da yi wa wasu iyaye bayanin yadda ake cin yaƙi.

Abdulwahidu bai motsa daga kujerar ba, a nan dai ya yi biyayya. Hannu kawai ya miƙa cikin faranti ya ɗauki rambutan da aka ɓare, wani ɗan itace mai ƙwallo a ciki, ya jefa a baki har da ƙwallon.

Wata mata ce ta fara salati. Janar ya waiwaya ya ga ɗansa baki a buɗe, ba kuka, ba tari, idanu sun firfito, leɓɓa sun fara canza launi. Abin da bai taɓa gani ba sai a littafi ya diro masa. Ya rasa ta ina ake kama yaro. Sai ya yi abin da ya iya: ya hura usur.

Dakarunsa da ke rugowa suka ƙame cak a inda suke, domin abin da aka koya musu ke nan in sun ji usur.

"Tofar!" Janar ya yi wa yaron tsawa. "Abdulwahidu, tofar! Umarni ne!"

Afnan ta ture shi gefe ba ko sallama. Ta durƙusa, ta kifa ƙanenta a cinyarta, kansa na kallon ƙasa, ta tallafe haɓarsa da hannu ɗaya. Da tudun ɗaya hannun ta buga tsakanin kafaɗunsa. Wata ƙawarta tuni ta kira motar asibiti, wata tana mayar da mutane baya. Malama Hureira na tsaye a kanta, lissafi kawai take da yatsu. A bugu na huɗu ƙwallon ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tebur. Yaron ya ja numfashi ya tsala ihu, zauren duka ya ɗauki hamdala.

Janar ya zauna a ƙasa. Minti biyar ya yi yana kallon ɗansa a ƙirjin uwarsa, hawaye na bin gemunsa, kuma da a nan ya tsaya da kowa ya yafe masa. Amma babban mutum ba ya daɗewa a ƙasa. Ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya nemi lasifika.

"Kun dai gani da idonku," in ji shi. "Wannan ita ce tarbiyyar gidan soja. Ni na hura usur, runduna ta motsa."

Shugabar makaranta ta yi murmushi ta ce, "Boleh, boleh," wato ba laifi.

Bayan kwana uku takarda ta fito. Ɗaki ya zama na ajin reno. Kadet za su iya ci gaba a wurin ajiye motoci, da sharaɗin mai horar da su ya samo shaidar taimakon gaggawa daga ajin Malama Hureira. A shagon mamak Janar ya bayyana wa jama'a cewa an gayyace shi ne ya duba ingancin koyarwar.

Ranar jarrabawa aka ba shi 'yar kujerar yara ruwan ɗorawa, ya zauna gwiwoyinsa na taɓa haɓa. Manyan ɗalibai ne ke gwada sababbi, kuma layinsa ya faɗa kan Afnan. Ta miƙa masa jaririn roba.

"Ya shaƙe, ba ya numfashi. Bismilla, Baba."

Janar ya karɓi jaririn ta ƙafa ɗaya. Ya gyara murya, ya fuskanci ajin, ya fara da cewa kafin shugaba ya ɗauki kowane mataki wajibi ne ya fahimci matsala ta fuska uku. Ya gama fuska ta farko, ya shiga ta biyu. Afnan ta sunkuya ta yi rubutu a takardarta, sannan ta sa hannu biyu cikin ladabi ta karɓe jaririn.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba," in ji ta. "Ya rasu tun kana gabatarwa. Ka dawo ranar Talata."