Ranar da Bitrus Ya Bar Ni Na Sha Ƙasa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Bitrus, sakataren ƙungiyarmu, ya naɗe hannu ya bar ni na sha ƙasa a gaban jama'a ba. Da gangan ya yi, kada wani ya zo yana ba ni haƙuri.

Ni ne ciyaman na direbobin da ke kwasar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja. Ban yi nisa a boko ba, amma Allah Ya ba ni murya, kuma da ita na riƙe tasha. Ba mai yin lodi, ba mai tayar da mota, ba mai raba faɗa sai na ce. Zaɓe ya matso, ana ta ƙus-ƙus wai an gaji da ni. In kujerar nan ta kuɓuce, sitiyari zan koma, ga idona ya fara rauni.

Sai Bitrus ya ce mu je taron koyon shugabanci a wani otal a Kurmin Sarki. Na yarda (don a ɗauke ni hoto da babbar riga ne, ba don komai ba). A bakin ƙofa na tara mutanena na ja musu kunne: "Yau akwai baƙi. Kada wanda ya yi tari, kada wanda ya ɗaga ko yatsa sai na ba da umarni."

Mai koyarwar wani ɗan kwat ne daga Abuja, maganarsa rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce shugaban ƙwarai shi ne wanda ya yarda da mutanensa, kuma yanzu za a gwada. Mutum zai hau benci, ya rufe ido, ya faɗo ta baya, mutanensa su tare shi. Na ga ciyaman na masu keke napep yana shirin miƙewa, na yi wuf na riga shi.

Na hau. Mutanena suka jeru a bayana, Bitrus a gaba. Na yi bisimilla, na saki jiki.

Tim! Hula ta yi nata wuri, riga ta lulluɓe mini fuska, ƙafafuna suna sama (ranar kuwa safa mai huji na sa). Da na yaye rigar, ga su nan tsaye ƙiƙam kamar masu jiran liman.

Bitrus ya sunkuyo ya ce, "Oga ciyaman, ai ba ka ba da umarni ba."

Baba Sule, dattijon cikinmu, ya ce, "Wallahi Alhaji har hannuna ya ɗaga, sai na tuna kashedinka, na mayar da shi."

Nan dariya ta ɓarke, har da ɗan kwat ɗin.

Na yi kwanaki a kwance, uwargida tana gasa mini ƙugu, ina jiran a kira a ce tasha ta kama da wuta. Shiru. Da na dogara sanda na je, na tarar da layi yana tafiya sumul, rigimar direbobin Garam da ta gagare ni sun kashe ta da kansu. Wannan ya fi faɗuwar ciwo. Ashe duk shekarun nan ba tasha nake riƙe da ita ba, hannuwan mutane na ɗaure.

Na raba aikin. Lodi na Baba Sule, sasanci na Bitrus, ni kuma na koyi rufe baki, abin da ya fi azumin bazara wuya. Da zaɓe ya zo suka mayar da ni, da ƙyar dai, amma sun mayar. Na gode wa Allah.

Ranar na sami Bitrus a rumfar mai shayi, na tsaya a kansa, na ce, "Bitrus, kai mugu ne, kuma ban yafe maka ƙuguna ba. Amma kujerar nan kai ka ceto mini ita, na gode. In ka sake tashi koya mini hankali, don Allah ka fara shimfiɗa katifa."