Samfurin da Na Tura Ƙarƙashin Benci

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, shekarar da na gama kwalejin horon malamai na dawo gida Mubi, kaina cike da waƙoƙi, ina ganin babu abin da takarda ba ta sani ba. Ranar Asabar za a yi bikin yayana, kuma tsohuwar motar Baba ce za ta ɗauko amarya daga Michika. Sai sitiyarinta ya fara wasa.

Baba Zira, makaniken gidanmu tun ina goye, ya cire rak, wato dogon ƙarfen da sitiyari ke turawa ya juya tayoyin gaba, ya sa wani na hannu da aka samo daga Kamaru. Saura tayarod biyu, sandunan da ke haɗa rak da tayoyi, domin namu na da sun ƙi shiga. Baba na fama da baƙi, aka aike ni sayowa.

A gareji Baba Zira ya miƙo mini wani lanƙwasasshen tayarod da ya zo manne da rak ɗin, baƙi ƙirin, yana ɗigar mai.

"'Yata, riƙe samfur. Ki nuna wa mai kaya ki ce irin wannan. Kar ki ƙara komai."

Ni kuwa ranar sabuwar atamfa na ɗaura, shuɗiya kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Na dubi ƙarfen, na dubi atamfar. Yana juya baya na tura samfur ƙarƙashin benci da ƙafa, na zaro littafin motar daga aljihunta. (Ai ni 'yar boko ce. Me zan yi da ƙazamin ƙarfe ga lamba a rubuce?)

"Malama, ina samfur?" in ji mai kayan mota a kasuwa. Na karanta masa lambar dalla-dalla, kamar ina gaban 'yan aji ɗaya. Ya ɗaga kafaɗa, ya ba ni guda biyu sababbi fil.

Ko da na dawo, direbobi uku na zaune a kan bencin nan suna shan rake, Baba ma ya iso. Na miƙa kayan ina jiran yabo.

Baba Zira ya rufe ido. Ya bi zaren bakin sabon ƙarfen, wato layukan da ake murɗawa, da babban yatsansa a hankali, sau ɗaya tak, kamar mai lallaɓa fuskar jariri.

"Ba nasa ba ne."

"Amma Baba Zira, littafi ya ce..." Na buɗe shafin na karanta da Turanci. Da ƙarfi. (Har yau in na tuna muryata sai na rufe fuska.)

"To ɗaura da kanki."

Na durƙusa na murɗa. Zagaye ɗaya, biyu, har na fara murmushi. Na uku ya cije.

"Zaren wannan manya ne, na rak ƙanana," ya ce. "In na sa ƙarfi zai shiga, har Michika zai kai ku. A dawowa, a gangara, ga amarya a baya, babanki zai juya sitiyari tayoyi ba su ji ba."

 A raina na hango gangarar.

"Littafinki bai yi ƙarya ba. Ya san motar ranar da aka haife ta. Yanzu kuwa an canja mata ƙashi. Ina samfur ɗina?"

Kafin in ƙirƙiro amsa, wani direba ya sunkuya ya jawo shi daga tsakanin ƙafafunsa.

"Malama, ko wannan ne kika bari yana hutawa a inuwa?"

Dariya har da dukan cinya. Baba ya yi tari ya dubi wani wajen. Baba Zira kaɗai bai yi dariya ba, ya sake ɗora mini ƙarfen a tafin hannu.

Haka na ratsa kasuwa riƙe da shi, mai yana ɗiga a atamfata. Mai kaya ya kwance notin samfur ya gwada a kan wasu tayarod ɗin, ya tafi sumul har ƙarshe, ya ce, "Yanzu kika zo, Malama."

Ranar Asabar ina zaune kusa da amarya muna gangarowa. Kowace kwana Baba ya juya, motar ta bi, sai in tuna yatsan nan na Baba Zira mai kaushi da ya karanta abin da idona biyu a buɗe ba su gani ba.

Tabon bai fita daga atamfar ba. Tun ranar, in aka ba ni samfur ina riƙe shi da hannu biyu, Turancin kuma in bar shi a aljihun mota.